Magani da Mai Kai Shi

Akwai wani ɗaurin ɗankwali da matan zango suke ganewa tun daga nesa. An ja shi ya sauko har ya kusa taɓa gira, an tamke shi ta ƙeya, kuma babu tudun kitso a ƙarƙashinsa. A zangon Navrongo ko na Bawku, a Yendi ko a Salaga, in mace ta dawo daga Tamale ko Kumasi da irin wannan ɗauri, masu zuwa dubiya ba sa tambaya. Su ce, "Inna, ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai ido ya sauka kan faratanta da suka yi duhu, da leɓenta da ya tsattsage, da kwanon abincin da ko buɗe shi ba a yi ba. Sai an fito ƙofar gida ake furta maganar da aka haɗiye a ɗaki: wannan magani ai ya fi ciwon cin mutum.

Masu faɗin haka suna da hujjar da ido ya ba su. In sankarar mama ce, galibi cikin abin da ake ɗura wa mace ta jijiya akwai wani ruwa ja wur mai suna doksorubisin. Jansa har fitsari yake rinawa na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ma'aikatan jinya ke gaya wa mara lafiya tun da wuri kada ta ɗauka jini ne. Asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce ta cikin ƙasa, wadda masu binciken kamfanin Farmitalia suka samo kusa da tsohon ginin Castel del Monte a kudancin Italiya. Daga jinsinta aka fitar da maganin a ƙarshen shekarun 1960, Amurka ta amince da shi a 1974, kuma har yau yana cikin ginshiƙan maganin ciwon daji na mama da na jini da na ƙashi.

Aikinsa shi ne ya kutsa tsakiyar ƙwayar halitta, ya maƙale a zaren DNA, ya hana ta rabuwa. Ƙwayar daji ba ta da sana'a sai rabuwa, don haka ita ta fi jin jiki. Sai dai ba ita kaɗai ke rabuwa da sauri ba. Saiwar gashi haka take, haka fatar cikin baki da ta hanji, haka ɓargon da ke ƙera jini. Magani kuwa duk wanda ya tarar yana rabuwa sai ya buge shi. Daga nan zubewar gashi take, da gyambon baki, da ƙarancin jini, da saurin kamuwa da zazzaɓi. Waɗannan duk suna farfaɗowa in an gama. Zuciya ce ba ta mantuwa: ɓarnar da doksorubisin ke yi wa naman zuciya taruwa take yi, kuma ba kasafai take gyaruwa ba. Don haka likita yana riƙe da lissafin duk abin da mutum ya taɓa karɓa, kuma ba ya son jimlar ta haura miligiram 450 zuwa 550 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki a duk tsawon rai. Ko da maganin yana cin ciwon, in an kai wannan iyaka dole a tsaya.

Abin da kan biyo bayan wannan wahala sananne ne. Mace ta yi zagaye biyu cikin huɗu ko shida, ta ce ita kam ta gaji, dangi su ce a gwada na gida. Likitocin Ghana sun daɗe suna kokawa da masu yanke magani a tsakiya, kuma azabar maganin tana cikin dalilan, tare da kuɗi da nisa.

Tun farkon ƙarni na 20 Bajamushen nan Paul Ehrlich yake burin a sami maganin da zai nemo cuta ya kashe ta, ya ƙyale mai ita. A kan ƙwayoyin cuta burin ya cika da dama, domin su baƙi ne a jiki, ƙirarsu daban. Ƙwayar daji kuwa naman mutum ce ta kangare, bambancinta da 'yan'uwanta kaɗan ne. Da wannan ya bayyana, wasu masana suka sake shawara: a bar gubar yadda take, a gyara yadda za a kai ta.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Salaga. A ƙarni na 19, kafin Turawan Ingila su ƙone Kumasi a 1874, kafin kuma yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, a kasuwar Salaga goron dazukan Asante yake haɗuwa da fataken Hausa. Daga nan zuwa Kano tafiyar watanni ce, ta Yendi da ƙasar Borgu, a haye Kwara. Goro in an bar shi tsirara, 'yan kwanaki sun isa ya bushe ya yanƙwane. Falke ba shi da ikon sauya halin goro. Abin da ke hannunsa shi ne huhu: ganyen fita mai laima, da ɗauri mai kyau, da yayyafin ruwa, da kwancewa a zango a tsince wanda ya lalace. Riba da asara duk a wajen naɗi suke. Masanan nan da suka sake shawara, waɗanda ake kira masu aikin nano, su ma naɗi suke yi, sai dai nasu ƙullin ido ba ya ganinsa, hanyar ayarinsu kuma jijiyar jini ce.

A farkon shekarun 1960, a cibiyar Babraham kusa da Kambirij, Alec Bangham ya lura cewa irin maiƙon da ke bangon ƙwayar halitta, in ya haɗu da ruwa, yakan naɗe kansa ya zama 'yan ƙwallaye masu rami, da ruwa a ciki. Su ake kira lifosom. In akwai rami, ana iya cusa magani. Girman da aka fi nema kusan nanomita 100 ne. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi yakan kai nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuma kusan 7,000.

An zaɓi wannan girma da dalili. Abin da ya gaza 'yan nanomita kaɗan, ƙoda takan tace shi ya fita a fitsari. Wanda ya yi girma da yawa, saifa da hanta sukan cafke shi nan da nan. Tsakanin nan akwai sarari. Jijiyoyin zuciya da na yawancin lafiyayyen nama bangonsu a matse yake, ƙulli mai nanomita 100 ba ya samun kafar fita, sai ya wuce. Ƙari kuwa, saboda gaggawar girma, jijiyoyin da yake ja wa kansa ba su da tsari, bangonsu duk giɓi ne, kuma hanyoyin da ke kwashe ruwa daga nama ba sa aiki sosai a cikinsa. Ƙulli ya zo nan ya zurara, ya rasa hanyar komawa, ya zauna yana sakin maganin a hankali. Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda ne suka bayyana wannan a Jami'ar Kumamoto ta Japan a 1986, kuma kusan duk fannin a kan wannan lura aka gina shi.

Da sauran cikas ɗaya. Jiki yana da ƙwayoyin da aikinsu haɗiye duk wani baƙon abu, kuma hanta cike take da su. Lifosom na farko ba sa daɗewa a jini ake lamushe su. Aka lulluɓe su da wani sinadari mai suna PEG, wanda ke jawo ruwa ya kewaye ƙullin, masu haɗiya su yi jinkirin gane shi. Da wannan lulluɓi, da dabarar cusa magani mai yawa ba tare da ya yoyo ba, Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon suka yi aiki a Birnin Ƙudus har aka sami Doxil, wato doksorubisin na ƙulle. Doksorubisin tsirara, cikin mintuna mafi yawansa ya bar jini ya bazu a sassan jiki. Na ƙulle kuwa sai bayan fiye da kwana biyu rabinsa ke barin jini. A Nuwamban 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, ya zama na farko a irinsa.

To, me aka samu? A 2004 aka wallafa sakamakon gwaji a kan mata 509 masu sankarar mama da ta riga ta bazu, aka ba wasu na ƙulle, wasu na tsirara. Wajen danne ciwon kusan kunnen doki aka yi: wata 6.9 da wata 7.8 kafin ciwon ya sake motsi. A wahala aka ga bambanci. Illa ga zuciya ta ragu ƙwarai, amai ya ragu, gashi ya zube wa kashi 20 cikin 100 maimakon 66. Amma wata matsala ta ɗago: da yake ƙullin yana daɗewa yana zagaye, yakan taru a tafin hannu da na ƙafa, inda ake yawan murza da taka. Fata ta yi ja, ta yi zafi, ta saɓule. Wannan ya sami kashi 48 na masu karɓar na ƙulle, da kashi 2 kacal na sauran. Takardar gargaɗi takan ce a guji murza hannu, da ruwan zafi, da doguwar tafiya a ƙasa. Mai rubuta wannan shawara bai san macen da ke riƙe taɓarya da safe, ta tuƙa tuwo da rana, ta taka zuwa gonar rani a gefen madatsar Tono ba. A wurin irinta, ciwon tafin hannu yana nufin an ajiye aikin gida da na neman abinci gaba ɗaya.

Wani magani, paklitaksel, da aka fara samu daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka, ba ya narkewa a ruwa. Sai an jiƙa shi a wani sinadari da ake yi da man zurma, wanda shi kansa yakan tayar wa wasu da borin jini mai haɗari. A 2005 aka fito da Abraxane, inda aka haɗa maganin da albumin, furotin ɗin da dama yana cikin jinin mutum, a ƙulli mai nanomita 130. Man zurma ya fita daga lissafi, ƙarin ruwan da ke cin awa uku ya koma rabin awa. Bayansa Onivyde ya zo a 2015 don ciwon dajin fankiriyas, Vyxeos kuma a 2017 don wani nau'in na jini.

Duk wannan ci gaba ne, amma bai kai yadda kanun labarai ke kururuta shi ba. A 2016 ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya tattara rahotannin shekara goma na gwaji a kan dabbobi, ya auna nawa ne cikin abin da aka yi allurarsa ke isa ga ƙari. Matsakaicin adadin shi ne kashi 0.7 cikin 100. Mafi yawan sauran hanta da saifa ne suka kwashe. An yi ta jayayya a kan wannan lissafi, domin magani tsirara ma abin da ke isa ƙarin kaɗan ne, kuma tun a 1994 Gabizon ya nuna cewa na ƙulle yakan taru a ruwan da ke kewaye da ƙari ninki 4 zuwa 16 fiye da na tsirara. Duk da haka adadin ya sanyaya gwiwa. Ƙarin jikin ɓera, da aka dasa ya girma cikin makonni, jijiyoyinsa sun fi yoyo fiye da na mutum wanda ya yi shekaru yana ginuwa. A mutum ma, wani ƙarin yana da giɓi, wani a toshe yake.

Sai aka ce a manna wa ƙullin wani abu da zai gane ƙwayar daji ya kama ta. A ɗakin gwaji abin yana burgewa. A jikin mutane kuwa, MM-302, doksorubisin na ƙulle da aka ɗora wa alamar neman sankarar mama mai ɗauke da furotin HER2, an dakatar da gwajinsa a 2016 domin bai fi abin da ake da shi ba. Ba a daina nema ba, kuma akwai hannun 'yan Afirka a ciki. Farfesa Wole Soboyejo na Najeriya, wanda ya koyar a Princeton ya kuma shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja, ya yi shekaru da ɗalibansa suna gwada ƙwayoyin ƙarfe da na zinari masu ɗauke da wata alamar neman ƙwayar daji mai suna LHRH. Abin da suka sa a gaba shi ne nau'in sankarar mama da ba ya jin maganin homon ko na HER2, wanda bincike a Kumasi ya nuna yana da yawa a cikin matan Ghana. Aikin yana matakin ɗakin gwaji da dabbobi.

In akwai garin da ya kamata ya fahimci cewa samun magani daban, kai shi daban, to Navrongo ne. Cibiyar Binciken Lafiya ta garin ta faro a 1988 da gwajin bitamin A, ta zama cikakkiyar cibiya a 1992. Bitamin A ba sabon abu ba ne a lokacin. Abin da aka yi shi ne bin gidajen Kasena da Nankana ana ɗiga wa yara fiye da 21,000 shi duk wata huɗu, mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin 100. Gidan sauro ma an san shi, amma da Fred Binka da abokan aikinsa suka rarraba wanda aka jiƙa da maganin sauro, sakamakon 1996 ya nuna raguwar kashi 17. Daga 1994 kuma aka gwada wani abu da ya fi su sauƙin faɗi: a ɗauke nas daga asibitin da take zaune tana jiran mutane, a ba ta ɗaki a ƙauye da babur, ta riƙa shiga gida gida. Wannan shi ya haifi tsarin CHPS da Ghana ta mayar manufar ƙasa a 1999. Kular alluran rigakafi da ka gani ɗaure a bayan babur a hanyar Paga ko Chiana, jikanyar wancan gwaji ce. A irin wannan kula ne alluran korona na Pfizer da Moderna suka iso ƙauyuka bayan 2021, kuma su ma ƙullin maiƙo ne na nano. Ashe mutane da yawa a yankin sun riga sun karɓi wannan fasaha a damtsensu.

Ciwon daji ne har yanzu babur bai ɗauko ba. Mai shi shi ke zuwa. Daga Navrongo zuwa Bolga kusan kilomita 30 ne, daga Bolga zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale kusan 160. Mutumin Bawku ya ƙara wasu 80, a hanyar da rikicin sarauta da dokar hana fita suka sha mayar da ita abin fargaba. Ƙarin ruwan maganin duk mako uku ne, kuma kowane zuwa sai da ɗan rakiya, da gwajin jini, da kuɗin mota na mutum biyu. In likita ya ce sai an yi gashi, wato a gasa ƙarin da na'ura, injunan gwamnati suna Korle Bu a Akra tun 1997, da Komfo Anokye a Kumasi tun 2004. Tamale zuwa Kumasi kusan kilomita 380 ne. Gashi kuma kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon makonni. Nan zumuncin zango yake ɗaukar nauyin da babu shi a kasafin kowa: ɗan'uwa a Aboabo ko Asawase, ƙanwar uwa a Nima ko Sabon Zango, su ba da tabarma da ruwan wanka. Inshorar lafiya ta ƙasa ta sa sankarar mama da ta bakin mahaifa cikin abin da take biya, amma katin inshora ba ya hawa da kai lori.

Shi kansa maganin na ƙulle yana da tasa doguwar hanya. Yana son firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma ba a so ya daskare. Ya fi na tsirara tsada nesa ba kusa ba. Ƙera shi yana da wuya har ta kai, a 2011, da masana'anta guda a jihar Ohio ta sami matsala, Amurka kanta ta rasa Doxil, sai da ta buɗe ƙofa ga Lipodox na kamfanin Sun Pharma na Indiya a 2012. Wani abin lura kuma: ciwon da aka fara amincewa da Doxil dominsa shi ne sankarar Kaposi, mai fitowa da baƙaƙen tabo a fata, musamman ga masu cuta mai karya garkuwar jiki. Babu inda wannan ciwo ya fi yawa kamar Afirka kudu da Sahara. Amma sai a 2023, shekara 28 bayan amincewar farko, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maganin cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Ina ganin amfanin ƙullin nano a wurinmu yana inda ba a cika yabonsa ba. Maganin da bai taɓa zuciya sosai ba, bai cika aske mace ba, ake kuma bayar da shi duk mako huɗu, yana iya riƙe mara lafiya har ƙarshen zagayenta. A ƙasar da yanke magani ke kashe mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya isa dalilin da gwamnatoci za su haɗa kai su yi cinikin nau'insa mai rahusa. Amma a san cewa bayanan da ake da su, akasari daga jikin wasu aka tattara su. Navrongo tana da abin da wurare kaɗan ke da shi a Afirka: tun 1993 ake bin mutane fiye da 150,000 ana rubuta haihuwa da mutuwa, ana kuma tambayar iyali yadda ajali ya zo. Rajistar ciwon daji ta al'umma ta farko a Ghana a Kumasi aka buɗe ta a 2012. Arewacin Ghana ma yana bukatar irinta, kuma masu iya ƙidayar suna nan.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da mizani uku kan sankarar mama: a gano kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su gama magani. Ƙullin nano zai iya taimakawa a na uku. Na farko da na biyu aikin nas ne da ta iya duba mama ba tare da ta tsorata mai ita ba, da likitan da zai yanko ɗan nama a Bolga, da sakamakon da zai dawo kafin wata ya ƙare, da mijin da zai ce a tafi yau. Akasarin matan Ghana sai ciwon ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Macen da ta isa Tamale ƙarin yana ƙarami, tiyata da tsohon jan ruwan nan suna iya raba ta da shi har abada. Wadda ta isa bayan ya shiga ƙashi da hanta, ko da zinari aka naɗe mata maganin, lokaci kawai zai ƙara mata.